Malam Ja, Ƙadangaren Habu

Wata safiyar Asabar cikin markar shekarar 1986, ina tsugune a bakin rariyar gidanmu da ke Kakuri ina wanke-wanke, yayyafi yana sauka a ƙeyata, sai na ji ƙanena Habu ya sake sarƙewa da tari a cikin ɗaki. Tarin shiƙa ne, irin wanda in ya fara ba ya barin yaro ya numfasa, sai ya yi ta jerowa har idanu su yi jajur, jijiyoyin wuya su miƙe, sannan a ƙarshe ya ja iska da wata ƙara kamar ɗan zakara mai koyon cara. Na saki kwanon da ke hannuna na ruga. Na tarar Inna ta kifa shi a cinyarta tana bubbuga masa baya, ɗan kokon da aka sha fama aka ba shi duk ya dawo a kan zanenta. Shekarunsa uku a lokacin, ni kuma ina aji huɗu a firamare. Inna ta ɗago ta dube ni, ran nan na fara ganin tsoro a fuskar uwata.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, madafi ɗaya da aka rufa da tsohon kwano a can ƙurya. Kusan duk mazan gidan a masaƙa suke aiki, har da Babanmu, saboda haka jiniyar kamfani ita ce agogonmu. Da ita ake tashi, da ita ake ɗora tukunya. Kwatar da ta bi ta bayan layinmu tana kwaso ruwan rini zuwa kogi, yau ja, gobe shuɗi, mu yara har musu muke yi a kan launin da za a wayi gari da shi. Akwai mutanen Filato a gidan, akwai na Lafiya, ga mu mutanen Zariya, kowa da irin ƙamshin miyarsa. In ruwa ya sauko kowa sai ya jera duro da bokiti a ƙarƙashin indararo, in ya ɗauke mu bazama bayan gida inda Baba ya shuka masara da kuɓewa da rama a gefen hanyar jirgi, mu yi 'yar gala-gala a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa har a kira mu da tsawa.

Ko da yake birni ne, ba mu kaɗai ke zaune a unguwar ba. Jemagu sun mallake mangwaron ƙofar gida, ba sa bar mana sai wanda suka gatsa. Shaho yana shawagi a kan 'yan tsakin Inna, in ya sauko mu yi ta ihu muna buga murfin tukunya. Bushiya tana kwana a ƙarƙashin tarin itace, damo yana leƙowa daga kwata, in an yi ruwan farko kuma shinge ya tashi mu tara shi a kwano a soya mana da gishiri. Cututtuka ma haka suke zuwa bi da bi, kowace da lokacinta. Bazara ta ƙyanda ce, damina ta zazzaɓi, gidan kuma ya ɗauki warin dafaffen ganyen darbejiya da na gwaiba, a lulluɓe yaro da bargo ya yi sirace yana kuka ana ce masa ya kusa gamawa. Duk wannan mun saba da shi. Tarin Habu ne ya zo mana da abin da ba mu saba ba.

An kai shi asibiti, an ba shi maganin ruwa mai zaƙi a kwalba. Ma'aikaciyar jinya ta gaya wa Inna gaskiya, cewa tarin nan ba ya tafiya da wuri, kuma yaran da yake kayarwa yawanci yunwa ce ke ƙarasa su, don haka duk yadda za a yi a tabbata abinci yana shiga cikinsa. To, nan fa ake yin ta. Habu ya gane cewa in ya ci zai yi amai, sai ya ɗauki gaba da cokali. Ya datse haƙora, ya kau da kai, lallashi bai yi ba, tsawa ba ta yi ba. Yaron da dā muke tsokana da sunan Tulu saboda ƙiba, sai ga shi ana ƙirga haƙarƙarinsa.

Abin da ya cece mu a makonnin farko wani jan gwada ne, ƙaton namijin ƙadangare mai jan kai da guntun jela, wanda ya mayar da bangon madafi gidansa saboda ɗumin murhu. Habu ne ya raɗa masa suna Malam Ja. Kullum da hantsi Inna za ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zaunar da shi, Malam Ja ya fito ya ɗaga ƙirji yana gyaɗa kai kamar mai amsa gaisuwar talakawa. Sai Inna ta ɗebo koko ta ce, "Malam Ja, Habu ya sha?" Ƙadangare ya gyaɗa kai. "To ka gani, ya ce ka sha." Habu ya buɗe baki. Da haka ake samu ya shanye rabin kofi, wani lokaci ya zauna a cikinsa, wani lokaci ya dawo, amma dai ana samun na riƙe rai.

Ɗakin da ke kallon namu na Maman Doose ne, wata Batibiya mai sayar da doya a kasuwa. Mace ce doguwa mai jiki, muryarta kamar ta sajan ɗin soja, kuma babu yaron gidan da bai ɗanɗana zafin hannunta ba. In ka taɓa mata duron ruwa ko ka taka mata shanya, ba ta kai ƙara wurin uwarka, nan take za ta yanke hukunci ta zartar. Ni dai tsoronta nake ji, kuma in faɗi gaskiya ba na ƙaunarta ko kaɗan. Ita ce ta shigo ɗakinmu wata rana ta tsaya a kan Habu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce wa Inna, "Maman Dije, wannan tari na san shi. A wurinmu ƙadangare ake dafawa, mai jan kai, yaro ya sha ruwan. Ɗana Terfa ya sha yana ƙarami, ga shi nan kamar doya." Inna ta ce ita ma ta taɓa jin haka a bakin kakarta. Da Baba ya dawo aka gaya masa, ya shafa gemu, ya ce abin ƙyama ne amma lalura ce, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Aka tura ni da Terfa, ɗan Maman Doose wanda ya fi kowa iya harbi da danƙo, mu nemo jan gwada. Sai dai marka ce, rana ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, ƙadangaru duk sun shige ramuka. Muka bi hanyar jirgi, muka zagaya katangar masaƙa, muka leƙa kangon da ake zubar da shara, ba mu samo komai ba sai kwaɗi da taɓo har gwiwa. A duk unguwar jan gwada ɗaya ne ya rage a fili, kuma kowa ya san ko wane ne. Inna ta ƙi. Na ji tana ce wa Baba, "Wannan shi ne ƙadangaren bakin tulu, a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa." Haka aka yi ta jan maganar, har ranar da tari ya sarƙe Habu ya sandare a hannunta, leɓɓansa suka yi fari fat, sai da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Inna ta fito tsakar gida ko ɗankwali babu, ta dubi Terfa ta ce, "Je ka ɗauko danƙonka." Ni aka sa na goya Habu na juya wa madafin baya, amma na ji ƙarar dutsen a jikin bango.

Maman Doose ta dafa shi a gwangwanin madara da gishiri da 'yar citta. Aka matse Habu aka ɗura masa, kafin a wanke gwangwanin ya amayar da shi duka. Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma kamar kullum. Ya zuba wa bangon ido, ya jira, ya jira, can ya juyo ya ce, "Inna, ina Malam Ja?" Inna ta ce ya tafi unguwa. Ta miƙo cokali, ya datse baki. Ranar bai sa komai a cikinsa ba, washegari ma sai 'yan kurɓin ruwa. Idanunsa suka faɗa ciki, ko kukan kirki ya daina iyawa. Gidan ya yi tsit, mata suna wucewa ta ƙofarmu a hankali kamar masu tafiya a kan ƙwai. Na tsani Maman Doose a kwanakin nan tsana mai tsanani, in na gan ta sai in kau da kai. Ita kuma ba ta je kasuwa ba, tana zaune a bakin ƙofarta ta zuba tagumi, doyarta tana jibge a kwando.

A safiya ta uku, Inna tana riƙe da kofi hawaye na zubo mata, sai Maman Doose ta tashi ta shige ɗaki. Ta fito ta ɗaura jan ɗankwalin da ba ta taɓa shi sai ran Lahadi in za ta coci. Ta zo gindin bangon madafi, ta durƙusa a cikin laimar ƙasa, ta dafa hannuwa biyu ta miƙe ƙafafu baya, duk girman jikin nan nata. Ta ɗaga ƙirji ta sauke, ta ɗaga ta sauke, tana gyaɗa kai tana zare ido gefe da gefe. Mu yara muka daskare, dariya na cin mu tsoro ya hana. Tana haki ta ce, "Maman Dije, tambaye ni mana!" Inna ta ce, "Malam Ja, Habu ya sha?" Matar nan ta gyaɗa kai da ƙarfi har ɗankwalin ya zamo mata kan ido. Habu ya ƙyalƙyale da dariya, dariyar ta jawo tari, kowa ya riƙe numfashi har ya lafa. Da ya lafa ya dubi Maman Doose, ya dubi cokalin, ya buɗe baki.

Haka ta yi ta yi kullum da hantsi har ruwa ya ɗauke, kafin ta ɗauki kwandonta ta tafi kasuwa a makare, bayan masu saye na safe sun watse. Tafukan hannunta suka goge, gwiwoyinta suka yi kanta. Mazan da ke dawowa daga aikin dare sukan tarar da ita a ƙasa, su sunkuyar da kai su wuce, babu wanda ya taɓa yi mata ba'a. Terfa ne kaɗai ya taɓa darawa, ya kuwa sha mari a gaban kowa, ta koma ta ci gaba da gyaɗa kai kamar ba ita ta yi ba. Tarin ya yi ta raguwa sannu a hankali, lokacin da ake gasa masarar ƙarshe ta shekarar Habu yana bin mu bayan gida da gudu yana kuka a ba shi tasa.

Yanzu masaƙun sun yi shiru, gidan an rushe shi an yi shaguna. Mun daɗe da ƙaura zuwa ƙetaren kogi, tun lokacin da garin ya koyi raba mutane unguwa-unguwa. 'Ya'yana an yi musu rigakafi tun suna jarirai, ba su san ƙarar tarin nan ba, na kuma gode wa Allah. Amma a cikin katanga suka tashi, ko sunan maƙwabciyarmu ba su riƙe ba, kuma wannan yana damuna. Shekarun baya na bi sawu har na gano Maman Doose a unguwar Trikania wurin 'yarta. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta. Na durƙusa na gaishe ta na ce ni ce Dije ta gidan Kakuri. Ta laluba ta kamo hannuna, kafin ta tambayi Inna ko Baba sai ta ce, "Habu fa? Yana cin abinci?" Na ce yana ci, har tumbi ya ajiye, 'ya'yansa sun kusa aure. Ta ce to madalla, ta jingina da bango ta saki ajiyar zuciya. Ashe duk shekarun nan ba ta sauke damuwar yaron nan ba.