Layin Idrissa na Ƙarshe

Idrissa ɗan Dogarawa ne, ɗan fari ga Inna Hawa'u, matar da idan ta raba tuwo sai kowa ya samu malmala, ita ta kankare ƙanzo. Ya yi karatun lakwal a Konni, ya koyi aikin intanet a Yamai, ya dawo wani kamfanin fasa dutse kusa da Malbaza, inda nake awon motoci. Wurin cikin kwari yake, rezon waya ba ya kaiwa. Wanda zai kira gida sai ta intanet ɗin kamfani.

Intanet ɗin kuwa siriri ne, kowa na ja. Aikin Idrissa shi ne ya tsara wa suwic, akwatin da ke raba layi, wanda zai wuce gaba idan hanya ta cushe. Ya sa buro, wato ofishin darakta, a farko, sikelina na biyu, sai wayoyin ma'aikata. Tasa wayar ya ware ta, ya ajiye ta can ƙarshe.

Na ce masa, "Kai ka rabo, kuma kai ka kwana da yunwa? Wannan wauta ta."

Ya yi dariya. "Lawali, in na sa kaina gaba, da wane ido ni ka kallon mutane?"

Halin uwarsa ne sak, kuma ya sha ba ni haushi.

Wata Talata da hantsi motoci suka yi layi har bakin titi, darakta kuma yana taro ta bidiyo. Ƙanwar Idrissa, Nazifa, ta kira shi daga asibiti a Konni, ta ce jikin Inna ya tashi, tana son magana da shi. Ina tsaye kusa. Muryar tsohuwar tana zuwa gutsi-gutsi, kalma ɗaya ta iso, uku su ɓace. Kwamfutarsa na buɗe a gabansa, gyaran minti ɗaya ne. Na ce ya ɗaga layinsa. Ya kai hannu, ya dubi ƙofar darakta, ya janye.

"Inna, ban jiya ba. Sake faɗi."

Ta sake, bai ji ba. Ya hau babur ya nufi Konni. Kafin ya isa an rufe mata fuska. Nazifa ta ce Inna ta yi magana mai tsawo, amma ita kuka bai bar ta ta riƙe komai ba.

Na ji zafin abin ƙwarai, har yau ina jinsa. Bayan sadakar bakwai ya dawo, bai nemi izinin kowa ba, ya sa kiran gida na kowane ma'aikaci a sama da komai, har da darakta. Yanzu idan Jummai matata ta kira, har kukan awakinmu nake ji.

Ran nan na tambaye shi ko ya ɗaga nasa layin. Ya ce ya ɗaga. Wayar tana kan tebur, kusa da suwic ɗin, kullum a cike da caji. Ban ƙara jin ta yi ƙara da hantsi ba.