Ƙofar da Nomau Ya Bari a Buɗe

Kuluwa tana takabar mijinta masunci, Nomau mai zanen ƙorai ya aiko mata da ƙwarya. Ya ƙona mata layi mai lanƙwasa irin ruwan tafkin Madarumfa, da kwalekwale babu kowa a ciki. Ba ta buƙaci bayani ba.

Haka zanensa yake, kowace alama da kamannin ma'anarta. Shekarar babban fari ɗansa Mati ya tafi Katsina cin rani, bai dawo ba. Daga nan Nomau ya riƙa zana da'irar gida yana barin ƙofa, masu saye suna cewa bai gama ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya miƙa wa Kuluwa ƙwaryarsa ta ƙarshe.

"Ajiye wa Mati, Kuluwa. Kada kowa ya rufe wurin nan."