Hannun Malama Marlys

Ranar da na fara ganin Marlys Gunderson, a durƙushe nake a ƙofar asibitin yara na unguwarmu a garin Duluth, gwiwoyina cikin dusar ƙanƙarar da ta fara narkewa. Jikata Linnea, 'yar shekara biyar, ta cire takalma da safa ta yi jifa da su, tana ihu kamar ta taka garwashi. Masu wucewa suna yi mini kallon tsohuwar da ta kasa tarbiyya. Sai wata gajeriyar mata mai furfura ta tsaya ta ba su baya, ta kare mu. Ta ɗauki safar, ta juya cikinta waje, ta miƙo mini.

"Ɗinkin bakin safar ne ke cizon yatsunta," in ji ta. "Sa mata haka, Kaka. Ke kuma tashi, ba a sayar da sabuwar gwiwa a garin nan."

Na sa mata, ihun ya ragu. Sai da muka shiga ciki na gane ashe wurin matar nan aka turo mu.

Wata shida da rasuwar mijina Arvid, 'yata ta ajiye mini Linnea ta yi gaba. Jami'ar kula da yara ta zo gidana sau biyu, ta rubuta cewa yarinyar ba ta zuwa makaranta, ba ta samun wanka, gashinta ya cukurkuɗe. Ba ƙarya ta rubuta ba. Ko hannu na kai kusa da Linnea sai ta zabura ta shige ƙarƙashin tebur. Aka ba ni zuwa ƙarshen hunturu. In ban iya shirya ta ta fita kamar sauran yara ba, za a kai ta gidan wasu.

Aikin Marlys shi ne koya wa irin yaran nan zaman lafiya da jikinsu, waɗanda ƙara ke yi wa yawa, ko haske, ko taɓawa. Ɗakinta babu gado, babu allura. Lilo ne rataye daga rufi, da baho cike da busasshen wake, da kumfar aski da yara ke dagwalgwalawa a kan madubi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana rarrafe a tabarmar robar ɗakin nan. A gonar shanu ta tashi, tun tana 'yar shekara takwas take tatsa kafin ta tafi makaranta. Ta taɓa aure, bai yi ƙarko ba, ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. A mota take cin abincin rana, burodi da kifin gwangwani, in ta gama ta kifa goshi a sitiyari ta daɗe a haka. Na lura ba ta iya buɗe filas ɗin kofinta sai ta matse shi a hammata. Manyan yatsunta biyu sun kumbura sun karkace.

Cikin mako uku Linnea ta sake da ita. Marlys za ta danna mata kafaɗu, ta matsa mata hannuwa daga sama har ƙasa, yarinya ta yi lamo. A gida kuwa jiya i yau. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Har na kai shi gaban Ubangiji ran Lahadi, na fito coci da abina yadda na shiga.

Wata Talata Marlys ta ce, "Kaka, nuna mini yadda kike taɓa ta."

Na kai hannu a hankali na shafi bayan wuyan Linnea. Ta ƙwalla ƙara ta faɗa cikin bahon wake.

"Kai, kai! Wa ya koya miki wannan? Ai tafiyar gizo-gizo ce."

Na ce jinyar Arvid ce ta koya mini. Shekara biyu yana kwance, fatarsa ta zama kamar takarda, in na ɗan riƙe shi sai wurin ya yi baƙi. Tun daga nan hannuna ya saba da taɓawa kamar ba ya so.

Sannan ta kama hannuna ta ja ɗan yatsa sama-sama a kan fatar, tsikar jikina ta tashi. Ta sake kamawa, wannan karon ta damƙe sosai. Na ga ta cije leɓe don zafin yatsunta.

"Wanne ya fi daɗi?"

"Na biyun."

"To, na farkon nan ita kamar allura take jin sa. Shi marigayi lallaɓawa yake buƙata, ita kuwa lallaɓawar ce ke azabtar da ita. Kina cuɗa burodi?"

"Duk Asabar, na coci."

"Yadda kike danna ƙullun nan, haka za ki yi mata."

"Malama, in na ji mata ciwo fa?"

"Ke? Da wannan hannun naki da bai san komai ba sai buɗe littafin waƙoƙin coci? Danna, tsohuwa, ba ƙwai ba ce."

Ba a rana ɗaya abin ya zo ba. Ta koya mini in zo wa Linnea ta gaba, in faɗa mata abin da zan yi, in danna kafaɗa sau goma muna ƙirga tare. In zan taje gashi, in riƙe tushensa tamau. Wata rana ya yiwu, wata rana a cije ni. Na kira Marlys sau da yawa ina kuka, takan ce, "Sha kofi, gobe ma akwai kafaɗa." Muryarta irin ta wanda ya faɗi magana ɗaya sau dubu, amma ba ta taɓa katse ni ba.

A tsakiyar Maris, ina ƙirga ta bakwai, Linnea ta jingina bayanta a ƙirjina da kanta. Ban motsa ba har ƙafata ta yi sanyi.

Da jami'ar ta dawo, ta tarar da yarinya sanye da kayan makaranta, rabin kai a tsefe a taje, rabin yana nan yadda yake. Ta duba, ta yi rubuce-rubucenta, ta ce an bar mini ita, za ta sake leƙowa bayan wata shida. Na yi zaton zan yi tsalle. Zama kawai na yi.

Talatar da ta biyo na kai wa Marlys labari, da burodi guda. Ta ce ta ji daɗi, kuma wannan ne makonta na ƙarshe. Za a yi mata aiki a hannu biyun, likita ya ce ta gama ɗaga yara. Ta rako mu har ƙofa, ta bari Linnea ta yi gaba wajen mota, sannan ta rage murya.

"Kaka, alfarma ɗaya. Garin nan ƙarami ne, dole mu haɗu a kanti ko a bakin tafki. In ta hango ni za ta rugo ta juyo mini kafaɗa. Ba zan iya danna ta ba, kuma ban taɓa iya ce wa yaro a'a ba. Ki riga ta ganina, ki riƙe ta da kyau, ku gaishe ni daga nesa."