Harajin da ya biyo maigidana bayan rabon gado

Abubuwa da yawa na shekarar da maigidana ya rasu sun gushe mini, amma wannan ɗaya ba zai bar raina ba har in koma ga Allah.

Ya daɗe yana aiki a wani kamfanin sari a unguwar Cheetham Hill da ke birnin Manchester, nan ƙasar Turawa. Da ya yi ritaya, kamfanin ya ci gaba da biya masa inshorar lafiya. Mun ɗauka kyauta ce zalla, muka yi ta godiya. Da ciwo ya zo, da ita aka yi jinyarsa.

Bayan rasuwar, wansa da ke unguwar Handsworth ya ce kada a bar haƙƙin mutane ya kwana. Tun ban fita takaba ba aka raba gado, aka aika wa mahaifiyarsu, Hajiya, nata kason can gida.

Sai ga 'yata wata rana, ta gama waya da ofishin haraji, ta zauna a bakin gado ba ta ko cire takalmi ba. Ta ce kuɗin inshorar nan lissafa shi ake yi kamar albashi, kuma akwai sauran harajinsa da ba a biya ba.

Na kira wan nasa. "Yaya, wannan bashi ne a wuyansa?"

Ya ce, "Maman yara, bashi dai bashi ne, ko na gwamnati. Ƙa'ida a cire daga kason kowa. Sai a sanar da Hajiya ta maido wani abu."

Hajiya kuwa ta riga ta haƙa rijiya da nata, sadaka ga ɗanta. Da wane baki za a ce mata yana kwance da bashi?

Na ce, "A bar tsohuwa. Ina da tumunina."

"Da shi fa za ki riƙa biyan haya."

"Na sani, Yaya."

Na biya. Na saki gidanmu na Manchester, na bar garin, na dawo wurin 'yata a unguwar Perry Barr. Ɗakin ƙarami ne, gwiwoyina ba sa son matattakalar, amma ina samun barci. Hajiya ta rasu ba ta sani ba.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan ko alheri aka yi maka, ka tambayi harajinsa tun kana da bakin tambaya. In ba haka ba, wanda ka bari a baya, ga shi da gajiya, shi zai amsa.