Garin Kasuwar da Babu Zango

A shekarata ta farko a Doha ina aiki a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Mesaimeer. Aikina shi ne rubuta wa masu tafiya bayanin garuruwan da za su je, kuma ba na rubuta abin da ban tabbatar ba, ko da lokacin buɗe ƙofar gidan tarihi ne.

Akwai wani dattijo direba, mutumin zangon Kumasi, da muke haɗuwa a Corniche, bakin tekun Doha, ranar Juma'a da yamma. Kafil ɗinsa, wato ubangidansa, zai tafi hutun bazara da iyalinsa wani tsohon garin kasuwa a Ingila, da shi za a je, kuma Babbar Salla za ta riske su a can. Iyalin za su wuce Landan yin Idi, shi kuma a bar shi da gida da mota. Bai taɓa yin Salla shi kaɗai ba.

"Mai digiri, duba mini inda zangon garin yake," in ji shi.

Na bincika sosai. Na gaya masa akwai kangon wata tsohuwar ganuwa a kan tudu, da majami'a mai doguwar hasumiya da baƙi ke hawa, da kwale-kwalen haya a kogi. Kasuwa tana ci ranar Asabar a dandalin tsakiyar gari, ana sayar da cuku da furanni da tsofaffin littattafai.

"To, ai ka faɗa da bakinka, kasuwa tana ci. Fataken da ke zuwa a ina suke sauka? Wa ke karɓar baƙo?"

"Baba, gidajen da fatake suke sauka a dā yanzu otal ne da mashaya."

"Masallaci fa?"

"Ban ga ko ɗaya ba. Akwai a wani birni can gaba, amma ban tabbatar za a bar ka ka fita da motar ba."

Ya yi dariya, ya ce kakansa da goro ya isa Kumasi bai san kowa ba, kafin magariba an ba shi tabarma da tuwo. "Karatun naka ya yi yawa. Ka ce mini akwai, khalas, shi ke nan, in na je zan nemo."

Na san kalma ɗaya yake so ya tafi da ita. Na ce zan ƙara dubawa. Na ƙara, na rubuta wa ofishin baƙi na garin, suka amsa cikin ladabi da bayanin yawon ƙafa a gefen kogi.

Ranar Salla bayan azahar ya kira ni. Ya ce ya saka babbar rigarsa, ya zaga dandalin yana yi wa mutane sallama. Wasu sun yi murmushi, wata mata ta nemi ɗaukar hotonsa. Yana zaune a kan benci da burodi a hannu.

"Kun ci nama?"

"Mun ci, Baba."

"To, faɗa mini waɗanda suka zo. Kada ka tsallake kowa."

Na fara daga wanda ya zauna kusa da ƙofar ɗakin da muka ci abincin Salla.