Ranar da Gwaggo Ta Gyara Tabarma

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama gwaggona ta dawo Zandam, bayan shekara goma sha a wani asibitin mishan inda ake maganin kuturta. Ta dawo da yatsu shida da sabon addini. Baba, wanda yake ƙaninta, ya ba ta ɗaki a bayan rumbu, ya hana kowa tayar da maganar.

Ni a lokacin aurena ya riga ya mutu, ina gida, kuma ni ake kira idan mace tana kan gargara. Na iya zaman, ba yabon kai ba: in ɗiga ruwa a leɓe, in riƙa maimaita kalmar shahada a hankali har mai tafiya ta kama. A wurinmu ba wanda yake cewa ya tsira. Ko liman roƙo yake Allah ya sa ya cika da imani. Gwaggo kuwa tana bakacen dawa za ta ce maka ita an gama nata, Yesu ya riƙe ta, kamar mai ba da labarin ta ci tuwo. Abin yana ba ni haushi, yana kuma sa tsikar jikina tashi.

Na ce mata, "Gwaggo, wa ya leƙa ya gano miki? In kika yi saɓo gobe fa?"

Ta ce, "'Yar nan, da ni ce na riƙe shi, da waɗannan yatsun ai da tuni na sake. Shi ne ya riƙe ni."

Da ciwon ƙirji ya kwantar da ita aka kai ta asibitin Birnin Kudu, suka ce a dawo da ita gida. Baba ya kira ni zaure. Bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Ya ce in ta yi kalma, ko sau ɗaya, za a yi mata sutura da salla, a kwantar da ita kusa da uwarsu. In ba ta yi ba, sai gefen gona.

Ranar Laraba ce, rana tsaka, ko kaza ba ta motsi a tsakar gida. Na zauna ina maimaitawa. Ta bar ni na yi ta yi, ba ta hana ni ba. Can ta ce, "Kin gaji. Ki faɗa musu duk abin da ya fi miki sauƙi, ba zai rage mini komai ba."

Daga nan ta juya ido wajen ƙofa. Labulen bai motsa ba, na duba da idona. Matar da ta kwana huɗu ba ta iya ɗaga kai sai ga ta ta matsa jikin bango, ta sa hannu ta shafe gefen tabarma, yadda muke yi wa baƙon da ake girmamawa. Ta yi murmushi, ta ce, "Ka iso."

Na janye ƙafata daga wurin ba tare da na yi niyya ba. Kafin in maida ido kanta ta cika.

Na fito na tarar da Baba a bakin rumbu, carbi a hannu. Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so, don kalma ɗaya ce tak kuma ba mai shaida sai ni. Bakina ya ƙi.

Na ce, "Ba ta yi ba, Baba."

Ya sa carbin a aljihu. Sannan ya tambaye ni, "Ta ji tsoro?"

"Ko kaɗan."

Ya miƙe ya ɗauki fartanya da kansa, zai je ya haƙa mata kabari a gefen gona. Ya kai ƙofar zaure ya tsaya, bai juyo ba.

Ya ce, "Ni ina jin tsoro."