Hannun Gwaggo Asabe a hoton kotu

Shekara shida ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Sana'ata ɗaukar hoton biki a Abuja, amma duk rayuwarta hotonta ɗaya na samu, shi ma ba a ganin fuskarta.

A auren ɗanta Nasiru na ɗauke shi. Nasiru ma'aikacin gwamnati ne, a ofishinsu ya haɗu da Funke, Bayarabiya. An ɗaura aure a Abaji, amma iyayen amarya suka ce sai an je kotu an sa hannu. Auren kotu ba ya cin lokaci. Ɗaki ɗan ƙarami, benci biyu, wasu ma'auratan na jira a bakin ƙofa kamar layin asibiti. Kafin in gama saita kyamara har an miƙa musu biro.

Gwaggo ta taso tun daga Abaji, amma ta ƙi shiga. Nasiru ɗan fari ne, ita kuwa tana cikin matan da ke kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take ce masa, ko ido ba ta haɗawa da shi a gaban mutane. Mu mun saba. Funke ba ta san da haka ba, gogan naka Nasiru kuma bai ga abin bayani a ciki ba.

Da aka fito hoton dangi, mahaifiyar amarya ta rungume 'yarta har ɗankwali na zamewa. Na ce, "Gwaggo, matso kusa da ango." Ta ja mayafi ta ce, "Kai Sani, ka fita idona," ta koma gindin bishiya.

Daga nan murmushin amarya ya tafi. Ta jawo ni gefe ta ce, "Oga mai hoto, gaya mini gaskiya. Mama ba ya so na, ko?" Na yi mata bayani iya iyawata, ta gyaɗa kai kawai. Daga baya Nasiru ya shaida mini ta rantse ba za ta taka Abaji ba, tunda ba a maraba da ita.

Ranar auren an yi ruwa da safe, harabar kotun duk caɓi. Ni kuma ɗabi'ata ce in ci gaba da ɗauka ta baya idan ango da amarya sun nufi mota. Sai da na zauna tace hotuna na ga abin da na kama: su biyu a gaba, Gwaggo a bayansu a sunkuye, ta ɗage gefen farar rigar amarya kada ta taɓa laka, ta kawar da fuska kada wancan ya waiwayo su haɗa ido. Funke ko ji ba ta yi ba.

Na wanke hoton na kai wa Funke. Ta daɗe tana kallo. Ƙarshen makon ta shiga mota zuwa Abaji ita kaɗai.

Yanzu a bukukuwan da nake ɗauka, uwar ango ke buɗe rawa da ɗanta, wayoyi na haska su. Ban ce laifi ba ne, hoton ma ya fi kyau. Nakan dai tambayi kaina me Gwaggo za ta ce. Ina jin mayafi kawai za ta ja.

A gidan Funke a Karu Gwaggo ta yi jinya, a hannunta ta cika. Ina kewarta. Ba ta bar abin da za a raba ba, na kuma ɗauka irin kunyarta ta bi ta kabari.

Bara aka yi walimar saukar 'yar Funke ta fari, aka kira ni. Na ce wa Funke, "Maman Ummi, matso kusa da 'yarki." Ta harare ni ta ce, "Kai Sani, ka fita idona."

Na dai ɗauka. Fuskarta na gefe, hannunta na gyara wa yarinyar hijabi.